Yatsuna Sun Ci Amanata

Shekara arba'in ina kaɗa wa mahautan Kumasi kalangu,
har hammatata ta yi kanta.
Don haka da Zeliya, jikar ƙanena Mumuni,
ta ce abin da take yi sunansa waƙa,
sai na tofar da tukar goro, na ce:
wannan ai rigimar 'yan turoturo ce a Kejetiya
aka ɗora wa dukan tukunya.

Ina murya? na ce. Ina 'yan amshi?
Waƙa tana sallama, tana tuɓe takalmi a ƙofa.
Taku ta katanga take haurowa,
wando a gwiwa, hula a karkace.

Fuseni mai shayi ya yi dariya har ataya ta zube.
Ita ba ta yi ba.
Ta ce, Kaka, 'yan gambarar da kake ba mu labari,
masu sa attajiri ya ɓuya bayan huhun goro,
da zaƙin murya suka ci, ko da kaifin baki?
Na ce kar ki haɗa.
Ta ce, kirarin da kake yi wa Sarkin Fawa fa,
rera shi kake, ko jefa shi?
Na ce wannan da ma'auni, yarinya,
kowace gaɓa da gurbinta, kamar haƙora a baki.
Ta ce, to ƙirga mini nawa.

Ta ɗauko waya za ta sa kiɗa,
sai aka ɗauke wuta, Aboabo ta yi ɗif,
wayar ma numfashinta ya ƙare.
Na ce, kin gani? Waƙar da ke jiran caji.

Sai ta fara haka nan, a duhu,
ba komai ƙarƙashinta sai yayyafi kan kwano.
Ta faɗi daren da kwata ta cika
ta tafi da keken ɗinkin uwarta,
da yadda aka tsinci ƙafarsa a gada, ban da kan.
Ta faɗi Awudu, yayanta, da ya bi hanyar Libiya,
lambarsa tana shiga har yanzu, ba mai ɗagawa.
Ta tsallaka Tonanci, ta dawo Hausa
ba ta zubar da taku ɗaya ba,
kamar mai tallan ƙwai a tsakiyar motoci.
Amsa-amon ba a ƙarshen layi kaɗai yake ba,
ta ɓoɓɓoye shi a ciki, uku-uku,
tana jinkirta bugu, ka ce ya faɗi,
sai ta cafe shi kafin ya taɓa ƙasa.

Fuseni ya haska tocila kan benci.
Baba Issaka, wa ke wannan kiɗan?
Na duba. Yatsuna ne.
Tsofaffin munafukai.

Don in rufa wa kaina asiri na ce, tsaya.
A layin Awudu kin ce kuka.
Hawaye kike nufi, amma muryarki ta sauka a ƙarshe,
sai kika ba mu kukar miya.
Kalangu ba ya yafe wannan.
Ta yi shiru. Ta maimaita, ta riƙe shi sama.
Wannan karon ba wanda ya taɓa kofinsa.

Har yau ban ce waƙa ce ba.
Wandon nan ma ban yafe shi ba.
Amma Asabar ɗin da ta wuce, a Asawase,
wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe da katifa da kwalin ƙwai,
an ga wani tsoho da abin ji a kunne ya danne masa hula,
yana gardama da wani yaro mai kwamfuta
kan inda bugu na huɗu zai sauka.
Sun ce ni ne.
Na je ne kawai in tsare mata kuka,
kalangun kuwa shi ya biyo ni.